Shirun Minti Ɗaya da Muka Yi wa Ruwanda

Takardar ta iso makarantarmu ranar wata Talata, kuma kamar yawancin takardun da ke sauko mana daga sama, ta iso ne bayan ranar da take magana a kai ta wuce. An ce kowace sakandare ta ware yini guda don tunawa da kisan ƙare-dangin da aka yi a ƙasar Ruwanda, abin ya cika shekara talatin. Ranar ta asali a watan Afrilu take, ta same mu muna hutu, muna kuma cikin azumi. Amma wata ƙungiya ta riga ta buga fosta, ta yi alkawarin turo mai ɗaukar hoto, don haka aka ɗaga wa mamatan ranarsu zuwa watan Mayu, lokacin da babban baƙo zai samu sarari.

Ni kaɗai ce malamar tarihi a makarantar, sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a gefen Gusau. 'Yar gidan ma'aikata ce ni. Kakana magatakarda ne, babana a sakatariya ya yi ritaya, ni kuma na tashi da imanin cewa duk abin da aka buga wa hatimi gaskiya ne. Ɗalibaina ba su da yawa, kuma ban taɓa yaudarar kaina ba: rabinsu gudun lissafi ne ya kawo su ajina, ba son tarihi ba. Duk da haka da na ga takardar nan raina ya yi fari. Na ce yau dai an tuna da mu.

Hajiya shugabar makaranta ta kira kwamiti a ofishinta. Mace ce mai kirki, kada a ce na ci zarafinta, ta sha biya wa yara kuɗin jarrabawa daga aljihunta ba tare da kowa ya ji ba. Sai dai ta shekara ashirin tana karɓar irin waɗannan takardu, kuma a wurinta duk rana rana ce. Ranar yara, ranar malamai, ranar dashen itace, duk tsarinsu ɗaya: rumfa, kujerun roba, lasifika, babban baƙo, lemo, hoto. Ranar wanke hannu ta duniya ma mun yi ta a makarantar da famfonta ya shekara bai ɗiga ba. 'Yan ga-ruwa muka kira, yara goma suka wanke hannu a gaban kyamara, sauran suka tafa musu.

Abu na farko da aka tattauna shi ne anko.

Na ce, “Hajiya, mutane fa aka karkashe.”

Ta ce, “Na sani, Malama, shi ya sa ba za mu yi ja ba.”

Wata ta kawo shawarar baƙi, Hajiya ta ce baƙi ba ya fita a hoto, ga kuma zafin bazara. Aka tsaya a kan shuɗi mai ratsin fari. Malam mataimakin shugaba, wanda komai na taro shi ke riƙe da shi, ya ce yaran da suka yi rawar gargajiya ranar malamai har yanzu ba su manta taku ba, asara ne a bar su zaune. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, na ce a gidan wa ya taɓa ganin an yi rawa a wurin mutuwa. Ya dube ni kamar mai lallashin yaro, ya ce to a rage kiɗan.

Takardar ta zo da abu biyu da ba mu saba da su ba. Na farko a kunna kyandir. Hajiya ta juya maganar a ranta, ta ce kyandir da rana tsaka, iyaye za su ce mun shigo da wani addini, ga hijaban yara da iska. Aka yanke a haska tocilan waya. Da yake an hana ɗalibai zuwa da waya, malamai ne za su haska a madadinsu. Na biyu kuma a yi shiru na minti ɗaya. Wannan Malam mataimaki ya ce a bar masa, don ya san yaranmu, in ba a yi atisaye ba za su ba mu kunya.

Kwana huɗu muna koyon yin shiru a filin asambuli. Ya tsaya a gaba da agogon wayarsa, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ranar farko ba mu kai rabi ba wata akuyar maƙwabta ta leƙo ta katanga ta yi kuka, layin 'yan aji ɗaya ya fashe da dariya, aka sa su kamun kunne. Rana ta uku Baba maigadi, wani dattijo mutumin Rawayya, ya tare ni a bakin ƙofa.

Ya ce, “Malama, wai mi kuka yi tsaye hakanga kullum cikin rana?”

Na ce, “Shiru muke yi wa mamata, Baba.”

“Shiru? Ba Fatiha, ba Ƙulhuwallahu? To mi za shi kai musu?”

Na yi masa bayani cewa haka duniya take yi, ga mutanen ma yawancinsu ba Musulmi ba ne. Ya gyaɗa kai ya ce Allah shi kyauta, ya koma kan bencinsa.

A aji kuwa na yi aikina da gaske, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na zana taswira a allo, na nuna musu 'yar ƙaramar ƙasa mai tsaunuka. Na gaya musu yadda aka yi ta kiran wata ƙabila da sunan ƙwari a gidan rediyo har kunne ya saba, yadda maƙwabci ya ɗauki adda ya shiga gidan maƙwabcinsa, yadda aka yi wajen kwana ɗari ana yi duniya tana kallo. Na zata za su firgita. Ba su firgita ba. Suka saurare ni irin sauraren da ake yi wa baƙon da ke kwatanta maka hanyar gidanku.

A layin baya kusa da taga akwai wata yarinya 'yar aji biyar, doguwa, mai rubutu ƙanana kamar tana tsoron takarda ta ƙare. Daga wani ƙauye bayan Tsafe suka taso, ita da mahaifiyarta da ƙannenta suna zaune a ɗaki guda wajen gwaggonta a Sabon Gari. Wannan kaɗai na sani game da ita, don irin su sun yi yawa a makarantar har mun daina tambaya. Ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Malama, sai mutum nawa sunka mutu kahin a ba su rana?”

Ajin ya yi tsit, tsit ɗin da Malam mataimaki ya kwana huɗu yana nema bai samu ba. Ni kuwa, 'yar gidan takarda, sai na koma cikin littafi. Na ce ba yawa ake dubawa ba, niyya ake dubawa, sai an yi nufin shafe wata al'umma kacokan ake kiransa ƙare-dangi, abin da ke faruwa a dazukanmu kuwa masana sun sa shi a wani babi daban. Har da rubuta ma'anar a allo na ja mata layi. Ta kwafe ta tsaf a littafinta. Har yau in na tuna da layin nan da na ja, kunya takan kama ni.

Da aka tashi ta tsaya tana goge allo, alhali ba ranar aikinta ba ce. Sai da kowa ya fita ta yi magana, ba ta dube ni ba. Damina biyu da suka wuce aka harbe babanta a gona. Kafin azahar aka binne shi a gurguje, kafin la'asar duk ƙauyen ya watse, kowa ya kama inda ƙafarsa ta kai shi. Ba a shimfiɗa tabarma ba, ba a yi zaman makoki ba, ba uku, ba bakwai, ba arba'in. Waɗanda za su zo gaisuwar su ma gudu suke yi. Da suka iso Gusau kuma kowa ta kansa yake yi, maganar wurin kwana ta danne ta mamaci.

Ta ce, “Inna har yau cewa takai ba a yi muna gaisuwa ba. In an tara mutane ranan nan, ko za a bar ni in hwaɗi sunanai, a ce Allah shi jiƙanai? Ba zan daɗe ba, Malama.”

Ba ta nemi a kama kowa ba, ba ta nemi a kira shi ƙare-dangi ba. Suna ɗaya, da amin ɗin mutanen da ke ƙarƙashin rumfa. Na ce mata an gama, ni ce mai tsara jadawalin, ta ɗauka ta riga ta hau. Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na wadda ba ta tambayi kowa ba.

Hajiya ta karanta jadawalin da biro a hannu. Ta wuce buɗe taro da addu'a, ta wuce taken ƙasa, ta wuce jawabin maraba, da gabatar da manyan baƙi, da jawabin godiya ga wanda ya gabatar da manyan baƙi. Da ta zo lamba ta tara ta tsaya.

Ta ce, “Malama, mutanen Ruwanda anka ce, ba na Tsafe ba.”

Na ce ai darasin kenan, in ba mu haɗa na nesa da na kusa ba me muka koyar. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce babban baƙon nan makon jiya aka ji shi a rediyo yana cewa an samu zaman lafiya, so nake yarinya ta tashi ta ƙaryata shi a gaban kyamara? Kuma in ta ambaci ƙauyen, hoto ya yawata a waya, wa ya san kunnen da zai kai wa? Suna da sauran dangi a can. Wannan ta biyun gaskiya ce, kuma ta ba ni haushi da ta zama gaskiya. Na ce to ba ƙauye, ba wanda ya kashe shi, sunansa kawai. Ta ce in aka buɗe wa ɗaya, rabin makarantar nan za su miƙe, kowace da nata, sai magariba ba mu tashi ba, shi kuma baƙo awa ɗaya ya ba mu. Ta ja wa lamba ta tara layi. Don kada yarinya ta ji ba daɗi, ta ce in rubuta mata jawabi da Turanci a kan Ruwanda ta karanta, tunda tana da murya.

Na fito ina huci. A keke napep ɗin da ya kai ni gida na shirya maganganun da zan gaya wa Hajiya gobe, masu zafi, har da ajiye aiki a ciki. Da gari ya waye na tuna da ƙarin girman da nake jira tun bara, na zauna na rubuta jawabin Turancin. Ya yi kyau kuwa. Na miƙa wa yarinyar na ce an ɗan canza tsari, ta haddace wannan. Ban ce mata an soke nata ba. Na bar maganar a dunƙule, ina fatan ta gane da kanta ta rage mini aiki.

Ranar taro da safe ta same ni ina jera kujeru cikin shuɗi mai ratsin fari, fuskarta a sake irin yadda ban taɓa gani ba. Ta ce Inna ta zo. Tun da sassafe suka taho a ƙafa daga Sabon Gari. A nan ne dole ta sa na buɗe baki na gaya mata: jawabin kawai za ta karanta, sunan ba zai shiga ba. Ta ce, “To, Malama.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baƙon da ya ba mu awa ɗaya ya iso bayan awa uku. Motoci biyu na masu bindiga suka rako shi, ɗaya gaba ɗaya baya. Yara sun gasu a rana, 'yan rawa sun yi rawarsu da ragaggen kiɗa har sau biyu don cike lokaci. Ya hau ya karanta takardar da aka rubuta masa, ya yi tuntuɓe a sunayen ƙabilun, sannan ya ajiye ta ya yi magana daga zuciyarsa. Ya ce mu gode wa Allah da ya sa mu a ƙasar da irin wannan ba zai taɓa faruwa ba. Aka tafa. Ya nemi afuwa cewa ba zai tsaya cin abinci ba, Funtuwa za shi, kuma masu tsaronsa sun ce lallai a wuce Tsafe kafin la'asar.

Sai shirun minti ɗaya. Malam mataimaki ya ɗaga hannu, ya sauke, mu malamai muka ɗaga wayoyi muna haska rana da tocila. Yaran sun yi ƙoƙari, wallahi ko tari ba a ji ba. Ana tsakiya mai hoto ya ce a dakata, fostar ƙungiyarsu ba ta fito a bayan baƙo ba. Aka gyara fosta, aka sake yin shirun daga farko. Na biyun bai kai minti ba, don baƙo ya fara duba agogo, Malam mataimaki kuma mutum ne mai gane ido.

Aka kira yarinyar. Ta hau, ta riƙe makirfo da hannu biyu, ta zuba Turancin nan ba gargada. Ta faɗi shekarar, ta faɗi kwanakin, ta faɗi jimlar ƙarshe da na fi alfahari da ita, wadda ke cewa mantuwa da mamaci kisa ne na biyu. Ni na rubuta wannan da hannuna. Da ta gama ba ta sauka nan take ba. Ta tsaya, makirfo na bakinta, ta juyo ta dube ni. Taku uku ne tsakanina da ita. Da na gyaɗa kai sau ɗaya da ta faɗa, kuma ba wanda ya isa ya mayar da suna cikin baki bayan ya fita. Na sunkuyar da kai ina duba jadawalin da na haddace tun shekaranjiya. Malam mataimaki ya ce a ƙara mata tafi, ta miƙa masa makirfo ta sauko.

Kafin a gama raba lemo baƙo ya tafi, masu rumfa suka fara kwance igiyoyi. Na so in sulale ta bayan ɗakin malamai, sai na gan su a gindin darbejiyar da ke ƙarshen fili. Mahaifiyar tana zaune a ƙasa, ga kujeru birjik babu kowa a kai, ashe ta ɗauka na manya ne. Ba za ta girme ni da yawa ba, wahala ce ta tsufar da ita. Yarinyar na tsaye a gefenta. Ba yadda zan wuce ban gaishe su ba.

Tun kafin in ƙarasa matar ta fara yi mini godiya. Ta ce Allah shi saka, Allah shi raya zuri'a, ɗiyarta ta gaya mata ni ce na tsaya a kan maganar.

Ta ce, “Na ji ta tana Turanci, na ga manya suna tahi da hannu. Na kasa kunne ban ji sunanai ba, amma nic ce ƙila ku 'yan boko wani iri kuka hwaɗinai.”

Na dubi yarinyar. Ba ta gaya mata ba, ta bar mini. Da na ce e, an faɗa, da matar nan ta koma Sabon Gari da farin ciki, kuma na san 'yarta ba za ta taɓa tona ni ba. Sai da na auna ƙaryar a bakina, don ta fi duk abin da muka yi ranar nan tausayi. Amma yarinyar tana kallona, kuma ni ce zan tsaya gabanta ranar Litinin in koya mata tarihi.

Na ce, “Ba a faɗa ba, Inna. An hana, ni kuma na ji tsoro.”

Ba ta yi fushi ba, ta ce ba komai, ai manya sun fi mu sanin daidai. Ta fara lalubar takalminta.

Ban san lokacin da na cire nawa takalmin ba. Na zauna a ƙasa gabanta da sabon ankona, na ce, “Inna, ya haƙuri?”

Ta dakata da takalmi ɗaya a hannu. Sai amsar ta fito, amsar da ta shekara biyu tana riƙe da ita ba wanda ya nema. Ta ce, “Da godiya.”

Na ɗaga hannu zan yi masa addu'a, sai na tsaya cak. Na san sunayen shugabannin Ruwanda na wancan lokaci, na san sunan gidan rediyon, na san sunan kogunan da aka zuba gawarwaki. Sati biyu ina faɗa a kan sunan mutumin nan, ban taɓa tambayar ko wane ne ba. Dole na sauke hannu na tambaya. Matar ta faɗa mini a hankali, nasa da na mahaifinsa. Na maimaita da ƙarfi, na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyauta namu zuwan. Yarinyar ta durƙusa ta ce amin. Baba maigadi da ke tattara kwalaben lemo ya ajiye buhunsa ya matso, shi ma ya ɗaga hannu. Mu huɗu ke nan, masu rumfa suna ta jan ƙarafa a bayanmu.

Da muka shafa, matar ta goge ido da bakin hijabinta, ta leƙa wajen ofishin Hajiya, ta rage murya.

Ta ce, “Malama, akwai ƙanenai, rana ɗaya anka kashe su, gona ɗaya. In lokacin bai ƙare ba.”